Yadda Muka Burge Baƙi, Muka Cinye Irin Shukarmu

Hoton nan da kuka kai aka ƙara wa girma, kuka rataya mini a falo ba tare da kun tambaye ni ba, na gaji da shi. Duk baƙon da ya shigo sai ɗayanku ya ja shi gaban bango yana nuna masa, wai ga Hajiyarmu tana yarinya, ita ce a gaban 'yan tuta, har Turawa suka tafa mata. Ni kuma ina zaune ina murmushin dole. Sau nawa na ce ku sauke shi? Sai ku ce kunya nake ji. To ba kunya ba ce, haushi ne, kuma tun da bakina bai ishe ku ba, ga shi na sa a rubuce, ku karanta ku bar ni in huta.

Shekarar da aka ɗauki hoton ina da goma sha uku, ina ajin ƙarshe a lakol ɗin garinmu, wato makarantar boko, can bayan Cadawa, tafiyar hantsi guda a amalanke. Daminar da ta wuce ba ta yi mana komai ba. Hatsi ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, muna tsaye muna kallo ya bushe. Gonar da ta saba cika mana rumbu biyu, abin da Baba ya kwaso daga cikinta bai cika amalanke ɗaya ba. Kafin sanyi ya fita rumbunan sun zama wurin kwanan kaji, kafin zafi ya kama sosai kajin ma mun cinye su. Muka koma ga anza. Ku ba ku san ta ba, kuma Allah kar ya sa ku san ta: 'ya'yan wani ɗan itacen daji ne, ɗacinta sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin a iya kai ta baki.

Abu ɗaya ya rage a gidanmu da za a kira hatsi, shi ne irin shuka. Baba ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau cikin ɗan abin da ya tsira, ya sussuke da hannunsa, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya kai ƙuryar ɗakinsa. Irin kakanmu ne, mai saurin nuna, wanda ya san ƙasar gonarmu. Ba sai an yi mana kashedi ba, kowa a gidan ya san in aka fasa tulun nan, ko ruwa ya sauka ba mu da abin zubawa a rami, kuma a shekarar babu maƙwabcin da zai iya ba ka ko cikin tafin hannu. Inna ko shara ba ta yi kusa da shi, wai kar ƙanshin ya shiga ranta.

A cikin wannan hali ne nake 'yar tuta. Mai koya mana shi ne Sarjan Labo, tsohon soja da ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu da usur a wuya, ya rasa wanda zai yi wa tsawa. Shekara biyu kafin yunwa ya je ya sami malaminmu, Mushe Isufu, ya ce difile, wato faretin da yaran lakol ke yi ranar bikin ƙasa, abin kunya ne, kamar an koro awaki daga rijiya, a ba shi su ya gyara. Mushe ya ba shi, ya kuma yi nadama har ya gaji. Cikin 'yan mata ya zaɓi mu goma sha biyu, ya yanko mana gorori da suka fi mu tsawo, ya ɗaura wa kowace ƙyalle mai launin tutar ƙasa. Ya koya mana tafiya ƙafa ɗaya, da juya gora bisa kai, da sauke ta dama a ɗauke ta hagu, da abin da ya fi so duka, a jefa tuta sama, a juya sau ɗaya, a cafe ta kafin ƙyallen ya taɓa ƙasa. Da sanda yake auna tsakanin kowace da 'yar'uwarta. In mutum ɗaya ta kuskure, duka za mu sake, ko sau arba'in ne. Sunayenmu bai taɓa riƙewa ba, kowa buhun gishiri ce a wurinsa. In tutarki ta taɓa ƙasa, za ki zagaya lakol sau uku da ita bisa kai, yana biye da ke da ɗingishinsa yana busa usur a kunnenki. Akwai maganar da yake maimaita mana kullum har muka haddace ta fiye da karatun Mushe:

"'Yar tuta ba ta faɗuwa. In mutuwa za ki yi, miƙa wa ta bayanki tutar tukuna, sannan ki mutu."

Da yunwa ta shigo kowa ya ɗauka zai bar mu. Ina! Mutumin nan ko a jikinsa. Ana la'asar sakaliya, rana na dukan ƙeya, cikinki babu komai sai ruwan anza, shi yana ta tsawarsa ta soja, gardabu, an, de, an, de. Iyaye suka fara hana 'ya'yansu zuwa. Sai ya ɓullo da wata dabara: daga ɗan abin da ake ba shi na tsohon soja yake sayo garin rogo, in an tashi ya ba kowace cikin hannu guda da ɓarin ƙuli-ƙuli. Nan take ƙorafi ya mutu. Ni nakan ci rabi, in ƙulle rabi a bakin zane in kai wa ƙanwata Rabi, wadda lokacin ba ta wuce shekara uku ba. Wannan garin rogon shi ya sa har yau na kasa zagin Sarjan Labo yadda raina yake so, kuma wannan ma wani haushin ne.

Ana tsakiyar bazara saƙo ya zo daga Agiye, inda hukuma take, cewa wasu baƙi za su zagaya garuruwa su ga inda yunwa ta fi tsanani, don a fara aika kamiyon dawa, wato babbar motar kaya, can, saboda abin da ke akwai ba zai ishi kowa a karo ɗaya ba. Aka taru a ƙofar maigari. Mata ba sa zuwa, amma Baba ya ba Inna labari ina jin su. Mushe Isufu ya tashi ya ce abin mai sauƙi ne, a buɗe musu rumbuna su leƙa, a fito da tukwanen anza, a tara yara yadda suke, kar a gyara komai. Maigari ya yi salati, ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin inda baƙo zai zo garin mutum a tarbe shi da rumbu wofi da yara tsirara ba, wace irin magana za a yi da mu a kasuwar Cadawa? Sarjan ya karɓe, ya ce shi ya zauna da Turawa, ya san halinsu ciki da bai, ba sa ƙaunar ƙazanta da hargitsi, wanda suka ga ya tsaya da ƙafarsa cikin tsari shi suke taimako, a bar masa baƙin kawai. Dattawa suka gyaɗa kai. Mushe yaro ne, kuma baƙo ne daga Tibiri, aka ce ya zauna. Inna ta tambayi Baba shi me ya ce. Ya ce shi ma ya gyaɗa kai.

Ku ji aikin da garin da ke cin anza ya yi cikin kwana goma. Aka share kowane lungu. Aka jera duwatsu a bakin hanya aka shafa musu farar ƙasa. Rumbunan da babu ko ƙwayar da ɓera zai ɗauka, aka hau aka gyara musu jinka, wai kar baƙi su gan su a wargaje. Kowane gida aka ce ya kakkaɓo abin da zai iya, aka haɗa aka yi fura, maigari ya ware ragonsa na ƙarshe. Mu kuwa Sarjan ya ninka mana aiki, safe da yamma. Saura kwana uku ya jera mu ya ce kowace ta ɗage zane zuwa gwiwa, ya bi yana duba ƙafafu kamar mai sayen akuya. Duk wadda gwiwarta ta fi cinyarta kauri ya fitar da ita. Huɗu ya cire. Cikinsu har da Kumbo, ɗiyar Fulanin da shanunsu suka ƙare suka zo suka sauka a bayan gari, wadda duk cikinmu babu mai cafe tuta kamarta. Ta tsaya hawaye na zuba ta ce masa da Hausarta:

"Sarjan, hannu yana nan. Ƙafa ne kawai ya rame."

Ya ce garin rogonta na nan ba zai yanke ba, amma ranar baƙi ita da sauran ramammun yara za su zauna a bayan lakol, kar wanda ya leƙo. Mu takwas da muka rage ya ce kowace ta sa riga biyu a ƙarƙashin ta difile don mu ciko, a ranɗa mana kwalli, a shafe mu da man gyaɗa fuska da ƙafa. Man da za a zuba a miya, ku ji fa, shi aka shafa mana a ƙwauri. Ni ya sa a gaba, don na fi kowa tsawo, kuma kumatuna irin na Inna ne, ba sa saurin faɗawa.

Ana gobe baƙi za su zo, da yamma, ina taya Inna sauya ruwan anza a tsakar gida, ta yi magana ba ta ɗago kai ba.

"Dije, ban ce ki yi ƙarya ba. Kullum kika dawo daga wurin mutumin nan sai jiri ya kayar da ke a nan inda nake tsugune. Gobe in ya zo miki, kar ki hana shi. Ki faɗi a gabansu su gani."

Na ce ai Sarjan ya ce 'yar tuta ba ta faɗuwa.

"Sarjan ne zai ba ubanki abin shukawa in muka fasa tulun can?"

Na san tana da gaskiya, kuma na tashi daga wurin da niyyar yin abin da ta ce. Wannan ku riƙe shi, don kar ku ce yarinta ce ta sa ban gane ba. Na gane sarai.

An ce da hantsi za su iso, ba su iso ba sai bayan azahar, mu kuma tun safe muna jere a rana, don Sarjan ya ce wadda ta zauna rigarta za ta yamutse. Mota biyu suka zo da ita, da wani babba daga buro, wato ofishin hukuma, da tafinta, da Turawa biyu, mace da namiji, sun yi jawur saboda zafi. Aka zaunar da su a inuwar itacen bedi. Mai ganga ya buga, usur ya tashi, muka taho. Gaskiya a faɗe ta, ba mu taɓa yin kyau irin na ranar ba. Ƙafa takwas na sauka kamar ɗaya, tutoci na juyawa tare, mata sai guɗa suke. Muka iso gaban baƙi, muka tsaya, saura jifa ta ƙarshe. A nan jirin ya zo, irin wanda na saba da shi, kunnuwa suka toshe, gefen idona ya yi duhu. Na hango Inna cikin mata, Rabi na goye a bayanta an lulluɓe ta da mayafi kamar yadda aka umarci masu ramammun goyo, idonta a kaina. Ba abin da ake nema a gare ni sai in bari. Usur ya busa, na jefa tutar sama, na ciji cikin kumatuna har na ji gishirin jini, na juya, na cafe.

Filin ya ɗauki tafi. Baturiyar ta miƙe tsaye tana tafawa, sannan ta ɗaga abin hotonta ta ɗauke ni ina haki, baki a rufe don kar jinin ya fito, abin da ku kuke kira murmushi. Ba tsoron Sarjan ne ya hana ni faɗuwa ba, kar in ɗora masa abin da ba nasa ba. Daɗi na ji. Shekara biyu ana kirana buhun gishiri, yau ga gari guda da Turawa suna kallona, na kasa ba da wannan. Da na waiwaya wajen mata, Inna ta riga ta juya ta nufi gida.

Sauran abin da ya faru sai ka rasa dariya za ka yi ko kuka. Baƙi suka ci rago, suka sha fura har Baturen ya nemi ƙari. Aka zaga da su gari, suka ga lunguna fes, rumbuna da sabuwar jinka, ba wanda ya ce a buɗe, mu ma ba wanda ya buɗe. Sau biyu Mushe Isufu yana jan tafinta gefe zai kai shi bayan lakol, sau biyu maigari yana tare su da sabuwar gaisuwa. Da za su shiga mota Baturen ya sa aka tambayi maigari yaya garin yake ciki a wannan shekara. Maigari ya gyara rawani ya ba da amsar da duk wani dattijon kirki zai ba baƙo, ya ce alhamdu lillahi, sai godiya. Tafinta ya juya masa ita yadda take, Baturen ya rubuta a ɗan littafinsa. Da ƙurar motarsu ta kwanta Sarjan ya zo ya tsaya a gabana, ya sara mini, ya kira ni da sunana karo na farko, ya ce dawa kamar ta zo.

Bayan sati uku muka ji kukan kamiyo. Gari ya fito kaf, har da masu jan gindi. Muna tsaye a bakin duwatsun nan masu farar ƙasa ya zo ya wuce mu, buhuna jibge a bayansa, ko rage gudu bai yi ba. Garin da ke gaba da mu ya nufa, garin da ranar baƙi maigarinsu yana kwance ba lafiya, ba wanda ya share ko ƙofar gida, baƙi suka tarar da su zube a gindin itace yadda Allah ya yi su. Mushe ya hau kekensa ya tafi Agiye, ya dawo ya ce a takarda an sa mu cikin garuruwan da ke da sauran ƙarfi, sai zagaye na biyu. Bai ce ai na faɗa muku ba, amma yadda ya jingine keken ya isa. Sarjan ya ce kuskure ne, ya saka tsohuwar rigarsa ta soja da lambobinta, ya tafi Agiye da ƙafa. Kwana biyu ya yi zaune a ƙofar buro, ya dawo, daga ranar ba mu sake jin usur ba, garin rogon ma ya ƙare don shi kansa ba shi da na ci. Zagaye na biyun ya zo daga baya can, bayan shukar mutane ta yi tsawo, jar dawa ce ta ci, ba ta shukawa ba.

Ba na ce da na faɗi da kamiyon ya tsaya ba. Ragon yana nan, jinkar tana nan, sai godiyar maigari tana nan. Wataƙila da sun ce zafin rana ne, su ba ni ruwa su wuce. Na faɗa wa kaina wannan ya fi sau dubu. Amma ni kaɗai ce a filin nan aka ce wa ga abin da za ki yi, kuma ni kaɗai ce ba sai na yi ƙarya ba. Sau ɗaya na tambayi Inna, bayan na yi aure har na haifi babbanku, na ce da na faɗi ranar nan fa? Ta ce Allah ne masani, ta ci gaba da tsintar wakenta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan wucewar kamiyon Rabi ta daina riƙe anza, ana ba ta tana dawowa da ita. Ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja, kukan ma ta bari. Wata safiya Baba ya shiga ɗakinsa ya fito rungume da tulun, ya ajiye a tsakar gida, ya sa ƙotar fartanya ya fasa lakar da hannunsa ya liƙa. Bai kalli kowa ba, ya sa takalmi ya fita. Inna ta sheƙe tokar, ta zuba hatsin a turmi, ta ɗaga taɓarya sau biyu ta kasa na uku, ta zauna a ƙasa. Ta miƙo mini taɓaryar. Duk gidan ni ce mai sauran ƙarfin hannu, albarkar gorar Sarjan da garin rogonsa, don haka ni na daka irin kakanmu. Kunu muka riƙa yi da shi, tsararo, Rabi ta sha mai kauri mu mu sha ruwan. Ya kai mu kwana goma sha biyu. Rabi ta tashi, ita ce gwaggonku ta Gazawa da kuke zuwa hutu wurinta kuna cewa ta cika faɗa.

Kwana huɗu da ƙarewar tulun ruwa ya sauka, ruwa na sosai, irin wanda aka shekara biyu ana roƙo. Gari ya waye ƙasa na ƙanshi, duk wanda ya riƙe irinsa ya fito. A gidanmu kowace shekara Baba ke gaba da sungumi yana sara, ni ina biye da ƙwarya ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Ban san lokacin da na ɗauko ƙwaryar na tsaya a bakin zaure ina jiransa ba. Ya fito da sungumi a kafaɗa, ya dube ni, ya dubi ƙwaryar.

"Taho da ita," ya ce. "Alhaji na neman 'yan ƙwadago."

Muka bi ta gefen gonarmu, ta sha ruwa ta yi laushi tun daga wannan kunya har waccan, Baba bai juya kai ba. Muka wuce zuwa gonar Alhajin da ke da shago a bakin kasuwa, aka cika mini ƙwaryata da irinsa. Baba na sara ina zubawa, har rana ta faɗi, aka sallame mu da abin tuwon dare. Haka muka yi washegari, da wanshekaren washegari, har shuka ta wuce. Tamu gonar ciyawa ce ta fito a cikinta a shekarar.